Amsoshin Tambayoyinku: Keke a Titunan Abuja

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Makon jiya na ce ku aiko da tambayoyinku kan kiran da ake ta yi wa mutanen Abuja su koma wa keke, to wallahi kun cika mana akwati. Saƙonni sun fi ƙarfin lokacin da aka ba mu, wanda bai ji nasa ba ya yi haƙuri. Tare da ni akwai Hajiya Injiniya, mai aikin tsara birane, sai kuma Baba, wanda ya haura shekara talatin yana gyaran kekuna, yanzu rumfarsa tana Dei-Dei. Hajiya barka da zuwa. Baba ina gajiya?

Baba: Ba gajiya, ɗana. Alhamdu lillahi.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani ɗalibi a Gwagwalada, yana cewa da gaske ne keke ma yana da ranarsa? Da gaske ne, 3 ga watan Yuni ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta a 2018, kuma a ranar za ka ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan ƙungiyoyin keke sun zaga gari cikin ayari. Wani kuma daga Karu yana tambayar ko akwai inda ake tseren keke a Abuja. Akwai filin tsere a cikin babban filin wasa na Moshood Abiola, an gina shi don gasar wasannin Afirka ta 2003, kuma a nan aka yi gasar tseren keke ta Afirka a 2022. Ka je ka ba idonka abinci.

Yanzu ga wadda za mu daɗe a kanta, don mutum fiye da goma sun aiko ta, kowa da irin lafazinsa. Bari in karanta ta wani ma'aikaci daga Kubwa. Ya ce: "Tun da aka cire tallafin mai, kusan rabin albashina a kuɗin mota yake tafiya. Ina da keke a gida ya yi ƙura. Ana ta cewa mu hau keke, to ta ina zan bi? In fito babban titin Kubwa da asuba in zama nama?" Wata malamar makaranta daga Nyanya ita ma ta ce maigidanta yana son ya fara, ita ce ta hana, don ba ta shirya takaba ba. Allah ya kiyaye, Malama. Hajiya, in sake maimaitawa don kowa ya ji: mutum yana so, aljihu ya tilasta, amma ta ina zai bi?

Injiniya: To, ka san abin yana da tushe. Taswirar da aka gina Abuja a kanta ta 1979 ce, kuma a lokacin duniya duk tunaninta mota. Shi ya sa ka ga tituna masu faɗi, hannu uku, hannu huɗu, gadojin sama, manyan shataletale. Aka dawo da hedikwatar ƙasa nan a Disambar 1991, gidaje a tsakiyar gari suka fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai jama'a suka watsu Kubwa, Nyanya, Mararaba, Lugbe, Zuba. Wurin kwana a can, wurin aiki a nan. Sannan a 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari, sai ya zama kowa ya dogara da mota. Idan ka duba ƙasar Holan, wadda kowa ke misali da ita, su ma ba haka suka tashi ba. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunansu, a ciki akwai yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga. Sai ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta same su a haka, daga nan ne fa...

Mai gabatarwa: Hajiya, kin kai mu Holan, shi kuwa bawan Allah yana tsaye a Kubwa da kekensa. Ya fito ko kada ya fito?

Injiniya: Kan babban titin, kada ya fito. Ba zan yi masa kwana-kwana ba. Titin da mota ke gudun kilomita 100 a awa ba wurin keke ba ne, ko da an shafa fenti an zana hoton keke a ƙasa. Fenti ba ya tare mota. Abin da ke tsare mai keke shi ne shinge, wato dakalin siminti ko jerin itatuwa da zai raba hanyarsa da ta mota. Inda kuwa dole a cakuɗa, kamar cikin unguwa, a rage gudu zuwa kilomita 30, haka Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, don wanda mota ta buge a wannan gudun ya fi samun damar tashi. Ga kuma nisa. Daga Kubwa zuwa sakatariya ya haura kilomita 20. Mai keke na yau da kullum yana cin kamar kilomita 15 a awa, ka ga awa ɗaya da rabi ke nan, ga hawa da gangara, ga ranar watan Maris.

Mai gabatarwa: Mai sauraronmu na Kubwa, ka ji dai. Kan babban titi, a'a. Malama ta Nyanya, ke ma kin yi gaskiya, titin AYA zuwa Mararaba da safe ko mai mota addu'a yake yi. To amma Hajiya, shi ke nan keken ya ci gaba da shan ƙura?

Injiniya: A'a, ai nan ne maganar take. Mun saba auna keke da doguwar tafiya, alhali amfaninsa yana cikin gajeriyar. Kilomita biyar, minti ashirin. Daga gida zuwa tasha, zuwa kasuwa, zuwa makarantar yara, zuwa masallacin Juma'a. Shi ɗan Kubwa ya lissafa nawa yake ba mai Keke Napep kullum daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi, da safe da yamma, ya ninka sau ashirin da biyu, wato kwanakin aiki na wata. Wannan kuɗin keke zai iya tsare masa. Abin da ya rage shi ne inda zai ajiye. Jirgin ƙasa na cikin gari ya dawo aiki a watan Mayun 2024. Da kowace tashar jirgi da kowace babbar tashar mota tana da rumfar ajiye kekuna da mai gadi, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ba ka kati, da mutane da yawa sun fito da nasu. Kuɗin rumfa ɗari bai kai na gadar sama guda ba.

Mai gabatarwa: Ni ma bari in sa baki, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ayarin ranar keke abu ne mai kyau, ina goyon baya. Amma ranar ana tafiya ne da jiniya gaba da baya, an tsayar da motoci. Washegari mai sayar da burodin da nake gani a shataletalen Berger, da akwatinsa ɗaure a kariya har ya fi kansa tsawo, shi kaɗai yake. Ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa, yana ɗaga hannu yana roƙon a bar shi ya wuce, tasi na yi masa hon kamar ya ci bashinsu. Shi nake so masu tsara hanya su tuna. Dattawa za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri a 2001, ya riƙa hawa keke zuwa aiki don jama'a su yi koyi, har mota ta ture shi cikin kwata. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin ya hango abin da ya same mu bayan 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Hanyar ce ba a yi masa ba, kuma har yau ita muke jira. Baba, na ga kana gyaɗa kai.

Baba: Ai ɗana, ni nake ganin abin da titi ke yi wa keke. Kwanan baya wani yaro mai kai saƙo ya turo mini nasa. Wilin gaba ya naɗe kamar lamba takwas, ƙahon ya juya baya, shi kuma haɓarsa a ɗaure da bandeji. Na ce mota ce? Ya ce a'a Baba, ramin kwata ne, an sace murfin. Da magariba ne, ba fitilar titi, yana bin gefe don gudun mota, gefen ne ya cinye shi. Na sa masa sabon wili, na ce sai ka sayi fitila kafin in ba ka keken nan. Ya ce ba kuɗi. Na ɗaura masa wata tsohuwa da nake da ita, na ce in ka samu ka kawo.

Mai gabatarwa: Allah ya saka da alheri, Baba. Masu sayen ƙarfen sata kuma, ku ji tsoron Allah, ran mutum kuke aunawa a sikeli. Baba, ga taka. Wani tela daga Dutsen Alhaji zai sayi keke na hannu, me zai duba?

Baba: Keke kuma ai an yi shi an gama a da. Rali! Wanda ake haɗawa a Kano a wancan zamanin. Na mahaifina baƙi ne, da madubi biyu da ƙararrawa, ranar Juma'a sai an goge shi da tsumma da ɗan mai kafin a fita. Buhun gero ake ɗora masa daga ƙauye har kasuwa bai ce uffan ba. Ango in ba shi da keke, aro yake yi. Malamin makaranta kuwa, daga ƙarar ƙararrawarsa yara ke sanin ya iso. Na yanzu, giya ashirin da ɗaya, amma ka taka sau biyu kaca ta zube...

Mai gabatarwa: Baba, tela yana jira da kuɗinsa a hannu.

Baba: To ya ɗaga keken ya juya wili, in yana rawa ya ajiye. Ya matse birki gaba da baya. Ya duba wuyan keken da ƙarƙashin sirdi, in akwai walda ko tsaga, ko kyauta ne kada ya karɓa. Taya da kaca da feda duk ana canzawa, ƙashin keke ne ba ya gyaruwa. Kuma ya hau ya gani, in yana zaune ƙafarsa ba ta kusa miƙewa a kan feda ba, gwiwa za ta yi masa ciwo.

Mai gabatarwa: Madalla. Wata baiwar Allah daga Lugbe ta ce tana sha'awa, amma tana jin nauyin idon mutane. Hajiya, a gajarce.

Injiniya: Ta nemi keken da ba shi da sandar tsakiya, ana hawansa da doguwar riga da hijabi, a dai tattare bakin zane kada kaca ta kama. Ta fara a cikin unguwa ita da wata. Kuma ta san cewa wanda ya fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Faris a 2024. A birane da yawa an lura, sai an yi hanya mai shinge mata da yara suke fitowa, shi ya sa mu masu wannan aiki da su muke gane ko hanya ta yi kyau. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, tun 1974 suke rufe wasu manyan tituna ranar Lahadi don masu keke da masu tafiya a ƙasa. Kigali ma tana yi. Mu da titunan tsakiyar garinmu ke zama fayau ranar Lahadi da safe, me zai hana? A nan mai jin kunya da mai jin tsoro za su koya.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Gwarinpa ya ce in ya hau keke 'yan mata za su ce ya talauce. Haba samari! Wadda za ta guje ka saboda keke, ai ta rage maka kashe kuɗi. Ka hau abinka, ka tara kuɗin sadaki. Mai tambaya kan ciwon suga daga Garki: ana so baligi ya samu motsa jiki na minti 150 a mako, keke yana ciki, amma ka fara ganin likitanka. Mai tambayar zufa, ka fita da wuri, ka sa rigar aiki a jaka. Mai tambayar sata, sarƙa mai kauri, ka haɗa ƙashin keken da wili ka ɗaure a jikin ƙarfe, kada ka ɗaure wili kaɗai. Wanda ya ce hular kwano ta 'yan gayu ce, gyara zancenka, kai ɗaya gare ka. Ku kuma masu bin hannun da ba naku ba, kuna fuskantar motoci wai don ku gan su, ku daina, nan ne direba ba ya tsammaninku.

Ana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, lokaci ya cimma mana. Ɗan'uwanmu na Kubwa, ka kai keken nan a duba birki, a sa fitila gaba da danja a baya, ka fara daga gida zuwa tasha, ka rubuto mana nawa ka rage a wata. Hajiya Injiniya mun gode. Baba, a gaida mutanen Dei-Dei.

Baba: Za su ji. Ka ce wa na Kubwan ya kawo shi da safe, kafin rana ta yi.

Mai gabatarwa: Ya ji ka da kunnensa. Tambayoyin da suka rage, har da ta mai son a sa wa makarantun firamare rumfar kekuna, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.