Na'urar GPS ta hannu: wacce za ka fara saya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan abin da ke hannuna. Girmansa bai wuce tsohuwar wayar Nokia ba, ba ya kira, ba ya aika saƙo, amma ko a tsakiyar daji ka kunna shi, inda babu sabis ko ɗigo, zai faɗa maka inda kake tsaye a bayan ƙasa. Wannan ita ce na'urar GPS ta hannu. Mutum biyu ne suka fi nemanta: mai doguwar tafiya a mota, da mai wasan nan na neman ɓoyayyen akwati da ake kira geocaching. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake son ta yi masa duka biyun, kuma a nan ake asarar kuɗi.

Bari mu fara da sama. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, an harba na farko a 1978, yanzu kusan talatin ne ke aiki, suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200. Kowannensu yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar lokaci da wurin da yake. Na'urarka saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Idan ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da wurinka. Shi ya sa ba ta cin data, ba ta buƙatar layin waya. Sararin sama kawai take so.

Wasan akwatin kuwa yana da ranar haihuwa. Kafin shekarar 2000, sojojin Amurka da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kan kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000, Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Washegari, ranar 3 ga Mayu, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littafin sa hannu da 'yan tarkace a ciki, har da gwangwanin wake, ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya ga ko wani zai gano. Aka kuwa gano. Yau akwatunan da aka yi wa rajista a shafin Geocaching.com sun haura miliyan uku. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka gano, ka sa hannu a littafi, in ka ɗauki abu ka ajiye wani, ka mayar da akwatin yadda ka same shi.

To, mota. Gaskiya ɗaya ce: a kan kwalta, wayarka ta fi na'urar hannu. Fuskar waya babba ce, tana magana, tana sanin inda cunkoso yake, kuma za ka iya sauke taswira tun a gida ta yi aiki ba sabis. Ita kuwa ƙaramar eTrex ta kamfanin Garmin, fuskarta inci 2.2 ce kacal, kuma idan an zo kwana ƙara kawai take yi, ba ta ce maka yi dama ko yi hagu. Direba mai leƙen fuskar da ba ta kai akwatin ashana biyu ba yana gudu, ai neman magana ne. Amfaninta a tafiyar mota yana farawa ne inda kwalta ta ƙare: tana zana sawun duk hanyar da ka bi, idan ka ɓace ka ce ta mayar da kai, ta bi da kai sawunka har inda ka fito. Kuma ba ta sumewa don zafi kamar yadda waya ke yi idan an manna ta a gilashin gaba da rana tsaka.

Saboda haka ka saye ta don tafiyar ƙafa, musamman mita ashirin ɗin ƙarshe. A nan ne zan daɗe, don a nan ne masu sayarwa ba sa yi maka bayani.

Kamfas. Na'urar da ba ta da kamfas na lantarki, da motsinka take gane inda ka dosa. Kana tafiya, kibiya tana nuna daidai. Ka tsaya cak, ko ka juya a wuri ɗaya, sai kibiyar ta rikice, ta nuna gabas ta nuna yamma. A mota wannan ba komai ba ne. Amma mai neman akwati, aikinsa ke nan: ya tsaya, ya duƙa, ya juya, ya leƙa gindin itace. Dubi waɗannan biyun, eTrex 22x da eTrex 32x, kamar Hassan da Hussaini. Fuska iri ɗaya, taswira iri ɗaya, batir iri ɗaya. Bambancin shi ne 32x tana da kamfas da ma'aunin tsawon tudu, 22x ba ta da su. A ganina ƙarin kuɗin nan ya cancanta.

Kada kuma talla ta ruɗe ka da zancen daidaito. A fili, yawancin na'urorin yanzu suna kai ka cikin mita uku zuwa biyar. Ka tuna wanda ya ɓoye akwatin shi ma da nasa kuskuren ya rubuta lambobin. Kuskurensa da naka suka haɗu, sai ka ga na'ura ta ce ka iso, alhali abin yana can taku goma. Daga nan aikin ido ne. Inda na'ura mai tsada ke nuna kanta shi ne ƙarƙashin duhuwar itatuwa, ko cikin kwazazzabo, ko tsakanin dogayen benaye, inda saƙo ke bugun bango ya dawo. Irin su GPSMAP 65 da 67 na Garmin suna sauraren zango biyu na saƙon, L1 da L5, kuma suna haɗawa da taurarin wasu ƙasashe, kamar Galileo na Tarayyar Turai. Yawan taurari yana rage ruɗewa. Amma in filin Allah kake yawo, da wuya ka ga bambancin da ya kai kuɗin.

Sai batir, wanda ni a wurina ya fi komai bayan kamfas. eTrex 32x batir biyu take ci, irin na AA da ake sa wa rediyo da tocila, kamfanin ya ce suna kai awa 25. Sun mutu, ka tsaya a kowane shago ka sayi wasu. eTrex SE da ta fito a 2023, da batir biyun nan take kai awa 168, sai dai fuskarta baƙi da fari ce, kuma babu cikakkiyar taswira a cikinta. Ita kuwa GPSMAP 67 batirinta a ciki yake kamar na waya, yana daɗewa sosai, amma ranar da ya ƙare sai ka nemi wurin caji. Wanda ya san halin wutar lantarki a garinsu ya san wanne zai zaɓa. Abu ɗaya: ka shiga saiti ka gaya mata irin batirin da ka sa, na caji ne ko na yarwa, in ba haka ba ma'aunin cajin batirin zai yi ta maka ƙarya.

Taswira kuma a yi hattara. Na'urar da aka sayo daga Amurka ko Ingila taswirar yankinsu take zuwa da ita. Ka kunna ta a Kano ko Zinder, sai ka ga manyan hanyoyi kaɗan da fili fetal. Ka nemi mai ramin ƙaramin kati na microSD, don ka iya zuba taswirar OpenStreetMap, wadda kyauta ce. Ka tabbata kuma tana karɓar fayil ɗin GPX, shi ne ke ɗauke da sunan akwati da bayaninsa da 'yar alamar da mai ɓoyon ya bari, ba sai ka riƙa yawo da takarda ba. Ruwa kuwa, ka duba alamar IPX7, ma'anarta tana jure nutsewar mita ɗaya na rabin awa.

Ga wani tarko da ke kama sababbi. Lambobin wasan nan duka a kan ma'aunin WGS 84 suke, wato tsarin auna wuri a bayan ƙasa da GPS ke amfani da shi, a rubuce da digiri da minti da ɗigon minti. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka yi su. Ka cakuɗa biyun, lambobi iri ɗaya su kai ka wani wurin daban, mita masu yawa daga inda kake nufi. Ko lamba ɗaya ta ƙarshe ka kuskure, kusan mita biyu ka goce.

Kafin ka cire ko kwabo, buɗe taswirar Geocaching.com a waya ka ga akwati nawa ne kusa da kai. A Jamus ko Amurka kusan kowace unguwa akwai, a Afirka ta Yamma kuwa ɗai-ɗai ne. Ka gwada neman biyu ko uku da manhajar waya tukuna. Kuma in za ka yi ta zagaye wuri da na'ura a hannu kana leƙe-leƙe, ka gai da mutanen wurin ka faɗa musu abin da kake yi, ka nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro.

In aka ce in zaɓa wa mai farawa, eTrex 32x zan miƙa masa, ko SE idan aljihu ya yi sanyi kuma zai dogara da waya wajen taswira. Ranar da ta iso, fita da ita waje, ka bar ta 'yan mintoci ta kama taurari, don kamun farko yana jinkiri. Ka ajiye ƙofar gidanka a matsayin wuri na farko, ka yi tafiyar rabin kilomita ta lungun da ba ka saba bi ba, sannan ka ce ta mayar da kai. Idan ta ce ka iso, ka ƙirga taku nawa ya rage tsakaninka da ƙofar.