Ina Soron Gidanmu Ya Tafi? Lacca Kan Gina Makwanci Ga Maza Marasa Wurin Kwana A Kano

(An rubuto wannan daga muryar da aka naɗa a wani taron unguwa a cikin birni.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena dattawa, malamai, matasa, da iyaye mata da ke can baya, kuna ji na? To, madalla.

Abubuwa huɗu na zo da su kan gidan nan da muke son ginawa. Na farko, su wane ne za su kwana a ciki?

Duk wanda ya taɓa bi ta Kantin Kwari ko Singa ko tashar Unguwa Uku da tsakar dare a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ya gan su. An shimfiɗa kwali a bakin shago, an lulluɓa da buhu. Sai ka ji ana cewa ai mahaukata ne ko 'yan shaye-shaye. Akwai su, ban musa ba. Amma ka koma da asuba ka ga mai tashi daga kan kwalin: ɗan dako, mai tura baro, ɗan ga-ruwa, ɗan ci-rani da ya baro ƙauye bayan girbi. Wanda ya sauke maka buhun shinkafa da rana, shi ne kwance a ƙofar shagonka da dare.

Na biyu, kuma nan zuciyata take: soro. Jama'a, Kano ba yau ta fara saukar baƙo ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, shi kuwa ya hau mulki a 1463. Fatake na zuwa da gishiri daga wajen Agadas, wasu da goro daga Gwanja. Ina suke kwana? Otal ne? Babu otal! Fatoma ke saukar da su, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya. Wanda ba shi da fatoma kuma, soro na jiran sa.

Ni a gidan kakana na tashi, kuma ban taɓa ganin soronmu babu mutum ba. Tabarma na jingine, ga buta, ga randa da moɗa. In magariba ta yi, sai kakata ta ce, "Kai, leƙa soro ka ƙirgo min." Ƙirga baƙi take nufi, don ta san malmala nawa za ta fitar. Ba a tambayar mutum daga ina yake sai ya ci ya ƙoshi. Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi da ya zo kwana biyu, ya shekara bakwai. Da ya rasu, a soron nan aka yi zaman makokinsa. Leƙa soro ka ƙirgo min! Har yau muryarta na kunnena.

Yau fa? Soro ya zama shago, ko garejin mota. Alhaji, na ga kana murmushi, ai ba kai kaɗai ba ne, layin nan duka haka yake. (Dariya.) Sabon gida kuwa ba a ma yi masa soro, sai katanga da ƙofar ƙarfe. Masallaci, da aka yi isha'i an sa kwaɗo, saboda ana sace fanka da batir. Ban ga laifin ladani ba. To amma mutumin da ke kwana a soro da masallaci, da muka rufe duka biyun, ina muka ce ya nufa? Ku tuna Ahlus Suffa. A jikin masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka yi musu rumfa a Madina, maza ne marasa gida da iyali, kuma Abu Huraira daga cikinsu yake. A Suratut Tauba, aya ta 60, ɗan hanya na cikin mutum takwas da ake ba zakka. Wannan gini soron unguwa ne, tunda na gidajenmu sun tafi.

Na huɗu... a'a, na uku nake ko? Lokaci ya ja, bari in haɗe su. Kada a kai ginin bayan gari; ɗan dako ba zai biya kuɗin adaidaita sahu sau biyu kullum ba, zai koma kan kwalinsa. A fara da banɗaki da rijiyar burtsatse kafin fenti. A yi akwatin ajiya mai makulli, don da yawansu da kuɗinsu a ɗaure a ƙugu suke barci, ido ɗaya a buɗe.

Na'am, Baba? A miƙa masa abin maganar.

(Wani dattijo ya tambaya ko gidan ba zai zama maɓoyar ɓarayi da 'yan daba ba.)

Allah Ya ƙara girma, Baba, tambayar nan tana ran kowa, kai ka fito da ita. Yanzu da suke kwance a lungunanmu, wa ya san sunan ko mutum ɗaya? A gidan nan za a ajiye littafi: suna, gari, sana'a, da wanda ya san shi a kasuwa. Mai unguwa zai riƙa dubawa. A rufe ƙofa ƙarfe goma sha ɗaya, a buɗe da kiran assalatu. Wanda aka ga alamar taɓin hankali tare da shi, a raka shi asibitin Dawanau, ba a kore shi ba. Wanda ya shigo da makami ko ƙwaya, hukuma ce tsakaninmu da shi.

Kuma Baba, ina roƙon arziki: littafin nan a hannunka nake so ya zauna. Ka amince? Jama'a, kun ji ya ce to. A rubuta sunansa. Ga ladan ya kira salla, sauran tambayoyin sai mun idar.