Kurumta, ƙarar kunne da jiri: inda bincike ya kai

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa kai niƙa Kasuwar Sabon Gari ya san yadda ake ciniki a bakin inji: sai an ɗaga murya, an haɗa da ishara, shi kuwa mai injin ya karkato da kai ya miƙo kunnen da ya fi ji. Da dare an kashe inji, amma wani zuuu bai bar kunnensa ba.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a nannaɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji. Ƙara mai tsanani tana kashe su, haka tsufa, haka wasu allurai irin su jentamaisin idan aka sha su barkatai. Sanƙarau da ƙyanda ma suna kurmantarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka warke daga zazzaɓin Lassa suna samun matsalar ji. A rahotonta na 2021, hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako saboda raunin ji.

Abin mamaki, kaza ta fi mu sa'a. Tun 1988 masana suka gano cewa tsuntsaye suna sake tsirar da waɗannan ƙwayoyin, amma har yau ba a samu maganin da zai sa na ɗan Adam su yi haka ba. Nasarar da aka samu ta wata ƙofa ta shigo. A watan Janairun 2024, likitocin Jami'ar Fudan da ke Shanghai, tare da takwarorinsu na Amurka, suka ba da rahoton yara 6 da aka haifa kurame saboda lahani a ƙwayar gado mai suna OTOF. An zuba musu lafiyayyiyar ƙwayar a cikin kunne, sai 5 daga cikinsu suka fara ji. Babban labari ne, sai dai a yi hattara da ɗoki, domin wannan lahanin kaso kaɗan ne na kurumtar haihuwa, kuma a cikinsa ƙwayoyin gashin suna nan da ransu. Ba zai yi wa mai injin niƙa komai ba.

Shi mai injin, bincike kan ƙarar kunne ne ya shafe shi. Wani nazari na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita. Fahimtar da ta fi rinjaye yanzu ita ce, galibi ƙarar ba a kunne take ba: idan saƙon da ke zuwa ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta ƙarfi, kamar mai murɗa rediyon da ya rasa tasha, har shuuu ɗin ya cika ɗaki. Shi ya sa ɗiga mai a kunne ko sosa shi da gashin kaza ba ya kawar da ita. A 2023 Amurka ta amince da na'urar Lenire, wadda ke haɗa sauti da ɗan tsikarin lantarki a harshe. Tana rage damuwar wasu, ba ta warkarwa, ga kuma tsada. Na'urar ƙara ji ta yau da kullum takan taimaki da yawa.

Sai jiri. Mace ta juya a kan gado da asuba, ɗaki ya yi ta hajijiya da ita na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ce hawan jini ne ko iska. Sau da yawa wasu 'yan duwatsun alli ne na cikin kunne suka kauce daga mazauninsu suka faɗa bututun da ke auna juyawar kai. Likita John Epley ya wallafa maganin tun 1992: a kwantar da mara lafiya, a juya kansa mataki-mataki har duwatsun su koma, ba allura, ba ƙwaya. Amma jirin da ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu alamar shanyewar ɓarin jiki ne, kuma na gaggawa ne. Ana duba waɗannan matsaloli a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.