Kada Yaro Ya Zauna a Gefen Fili

Assalamu alaikum. Malam shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa. An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan motsa jikin yaranmu, ba zan cinye lokacin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsi mai sa haki. Binciken da hukumar ta jagoranta, wanda ya fito a 2019 bayan an duba ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni. A 'yan mata abin ya kai kashi 85. Darasin motsa jiki na makaranta, sau ɗaya ko biyu a mako, ba zai toshe wannan giɓi ba.

To, ga langa, ga 'yar gala-gala, ga tsallen igiya, ga gaɗa. Ba su bukatar kayan wasa masu tsada, fili kawai da alli. Sai dai mu faɗi gaskiya, yawancinsu suna da aibi guda: wanda ya faɗi ya fita. Wa ke fara faɗuwa? Yaron nan mai jiki, ko mai saurin gajiya, wato wanda ya fi kowa bukatar gudun. Shi zai koma gefe ya naɗe hannu, zaƙaƙuran da dama ba su da matsala su ci gaba da zufa. A dandali hakan ba laifi ba ne, amma a darasi asara ce.

Gyaran ba wuya. A langa, wanda ya saki ƙafa ko aka kayar kada a ce ya mutu. Ya je gefe ya yi tsalle goma ya dawo. A riƙa sauya ƙafa kowane zagaye don kada ɗaya ta sha wahala ita kaɗai, a haɗa yara tsara da tsara, kuma a hana bangaza da ƙarfi, domin daɓen zauren wasa ba yashi ba ne. A 'yar gala-gala, maimakon zane ɗaya yara takwas na layi, a yi zane huɗu. Batun a tsayar da shugabanni biyu su zaɓi 'yan wasa kuwa, don Allah a bar shi. Wanda aka bari ƙarshe ba ya mantawa, kuma mako mai zuwa zai ce cikinsa na ciwo. Malami ya raba su da ƙirga.

Masu ganin wasan gargajiya ba zai shiga tsarin zamani ba, su dubi kabaddi, wasan gargajiya na taɓawa da kamawa na Indiya, wanda ya shiga gasar ƙasashen Asiya tun 1990.

Roƙona biyu ne. A ware mana rabin awa a ajin yara na ranar Asabar, sannan iyayenmu mata da suka iya waƙoƙin gaɗa su taimaka, don su ne za su jawo 'yan matan. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Na gode, Allah ya raya mana zuri'a.