Amsoshin Tambayoyinku: Wane Faifai Ya Fi Ingancin Sauti?

Tambaya ta gaba ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya. Ya ce yayansa ya aiko masa da faya-fayen kiɗa masu sautin kewaye, wato sautin da ke fitowa daga sifiku da yawa a kewayen mai sauraro, wasu SACD, wasu DVD-Audio, ɗaya kuma Blu-ray. Yana son sanin wanne ya fi, kuma me ya sa da ya saka DVD-Audio a na'urarsa ta DVD bai ji wani abin a zo a gani ba.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da SACD a 1999, DVD-Audio kuma ya biyo baya a 2000. Faifan CD na gama-gari yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, a sifika biyu. DVD-Audio yana kai sau 96,000 a sifika shida, Blu-ray kuwa har 192,000. Shi SACD hanyarsa daban ce, ana kiranta DSD: sau miliyan 2.8 a daƙiƙa, amma kowane awo ɗan ƙanƙani ne.

Sai dai kunne ba ya sauraron lambobi. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun yi gwaji fiye da sau 500, suna kunna wa mutane SACD da DVD-Audio, wani lokaci su rage sautin zuwa matakin CD ba tare da an sani ba. Da aka nemi masu sauraron su bambance su, kusan rabi kawai aka dace, tamkar canke. Ni dai a ganina, abin da ke sa faifai daɗi shi ne hannun injiniyan da ya rarraba kayan kiɗan a sifikun, sai ingancin sifikunka da inda ka ajiye su a ɗaki.

Yanzu ga matsalarka, kuma mutane da yawa sun faɗa cikinta. Na'urar DVD ta kallon fim ba ta karanta ainihin ɓangaren DVD-Audio. Wani kwafi take kunnawa na Dolby Digital ko DTS da aka matse, aka zubar da wani abu daga cikin sautin. Haka SACD mai hawa biyu, ɗaya na SACD ɗaya na CD: a na'urar CD, hawan CD kaɗai za ka ji, sifika biyu. Don haka, Malam, ka nemi na'urar da aka rubuta SACD da DVD-Audio a jikinta, ka haɗa ta da amfilifaya ta wayar HDMI, ka zauna a tsakiyar sifikun, sannan ka sake rubuto mana abin da kunnenka ya ji.