Mai Wurno ta Sudan: Uban Ne Ya Iso Bakin Nilu, Ko Ɗan?

[Hoto: titin kwalta, lori ɗauke da buhunan dawa]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan titin da kuke gani daga Sinnar ya fito, ya nufi Sinja. In ka bar Sinnar ka yi kudu kamar kilomita 15, kogi na hannunka na hagu, sai ka iso garin da Larabawa ke kira Mayirno. Mu a bakinmu Mai Wurno ne, haka muka ji daga kakanni.

Mako biyu ke nan ana ta turo mini wani ɗan bidiyo a WhatsApp. Wani bawan Allah ne ke bayani da murya mai daɗi, yana cewa wai Sarkin Musulmi Attahiru ya gudu daga Turawa, ya zo Sudan ya kafa gari, kuma a nan kabarinsa yake. Har ɗan baffana da ke Kano ya kira ni, ya ce, "Yaya, ashe kuna maƙwabtaka da Sarkin Musulmi shekara da shekaru ba ku taɓa faɗa mana ba?"

To, ɗan'uwana, Attahiru bai taɓa shan ruwan Nilu ba. Ko Barno bai ƙetare ba. Kabarinsa ya fi kusa da kai a Kano fiye da ni a nan. Ɗansa ne ya iso.

[Hoto: kufan tsohon birnin Sinnar]

Bari in yi sauri da abin da ya gabata, don ba shi ne ya tara mu ba. Wannan yankin na bakin Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, tsohuwar ƙasar sarauta ce. Daular Funj ta zauna a Sinnar daga 1504 har 1821, lokacin da rundunar Muhammadu Ali Basha ta zo daga Masar ta karɓe ta. A 1881 Muhammadu Ahmad ya ce shi ne Mahadi, ya kori Turkawa, ya rasu a 1885. A 1898 Ingilishi suka murƙushe daularsa a Karari, kusa da Omdurman. Ku riƙe wannan shekarar, 1898, za mu dawo kanta.

Alhazan ƙasar Hausa da Barno kuwa tun kafin duk wannan suke ratsa nan a ƙasa, da ƙafa da jaki, su kai Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya noma don su tara na gaba, har yau jikokinsu na nan suna tarawa.

[Hoto: taswira, alama a kan Sakkwato]

Yanzu mu koma yamma. Kano ta faɗi hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairun 1903. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, a filin Giginya. Sarkin Musulmi a ranar shi ne Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ko wata shida bai cika a kan gado ba.

Bayan an watse, manyan gari suka rabu biyu. Waziri Buhari ya komo birni, ya ga cewa a zauna da Nasara a tsare wa talakawa addininsu. Attahiru kuwa ya ce ƙasar da Nasara ke mulki ba wurin zaman Musulmi ba ce, ya ɗauki tuta ya fuskanci gabas. A nan zan ɗan yi wa mai bidiyon gyara: kalmar "gudu" ba ta shiga kunnen dattawan Mai Wurno. In ka faɗe ta a zaurensu, za a ba ka shayi, amma ba za a ƙara maka na biyu ba. Hijira suke cewa, kuma da niyyar hijira aka fito. Tun zamanin Shehu ana maganar cewa wata rana jama'arsa za ta tashi ta yi gabas, wajen Nilu da Makka, ta sadu da Mahadi. Saboda haka da Attahiru ya kama hanya, mutane suka ce lokacin nan ne ya zo.

Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, ko'ina ya wuce sai jama'a su bar gida da gona su bi shi, ga damina na ƙaratowa. Wannan ne ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin Giginya kansa. Sarakuna ma sun shiga ayarin, irin su Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema ruwa a jallo saboda kashe Kyaftin Moloney.

[Hoto: fili da duwatsu, ƙasar Gombe]

Nan ne inda zan tsaya, don nan ne labarin ke karkacewa a bakin mutane.

Sunan wurin Burmi. Yana cikin jihar Gombe ta yau, wajen Bajoga, kusa da kogin Gongola. Gari ne mai ganuwa na mabiyan Malam Jibrilla Gaini, masu aƙidar Mahadiyya, kuma duk da Turawa sun kama malamin tun 1902, mutanensa ba su sauke kai ba. A watan Mayun 1903 wata rundunar Turawa ta taɓa garin, mutanen Burmi suka kora ta. Sai Turawa suka sake shiri, suka dawo da bindigogi masu jigida da igwa ranar 27 ga Yulin 1903.

Aka wuni ana gwabzawa. Shugaban rundunar Turawan, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi a ranar. Amma kafin rana ta faɗi garin ya ci wuta, kuma Turawan da kansu sun ƙirga gawa sama da 600. Cikinsu akwai Magajin Keffi, akwai Sarkin Musulmi Attahiru. A Burmi ya yi shahada, a Burmi yake kwance. Tafiyarsa duka, daga Giginya zuwa ranar nan, wata huɗu ne da 'yan kwanaki.

Cikin waɗanda suka fita da rai akwai ɗansa, Muhammadu Bello. Abin da dattawan nan ke ba da labari shi ne uban ne ya umarce shi da ya ja ragowar jama'a ya ci gaba da tafiya gabas, kada hijirar ta mutu a nan. Ya kuwa ja su.

To me ya sa ake rikicewa? Sunaye ne, wallahi. Gidan Shehu suna maimaita suna kamar yadda muke maimaita tuwon dawa.

Attahiru biyu ne. Na farko shi ne wanda ya rasu a Burmi. Na biyu, Attahiru ɗan Aliyu Babba, shi ne wanda Lugga, shugaban Turawan da suka ci Arewa, ya naɗa a Sakkwato kwanaki kaɗan bayan faɗuwar birnin. Ɗaya ya mutu a hanya, ɗaya ya zauna a gida, babu wanda ya zo Sudan a cikinsu.

Bello ma biyu ne. Akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya gina ribaɗin Wurno a arewa maso gabashin Sakkwato, ya rasu a can a 1837, hubbarensa na can. Saboda shi ne Sakkwatawa ke yi wa mai suna Bello laƙabi da Mai Wurno, kamar yadda ake ce wa Usman Shehu. Namu Bellon, ɗan Attahiru, sunan ya ci, laƙabin ya biyo shi. Shi daga gidan Atiku ma ya fito. Da ya kafa gari, sai aka riƙa cewa za mu wurin Mai Wurno, mun fito daga wurin Mai Wurno, har sunan mutum ya zama sunan gari. Kun ga ke nan wanda ya ji Sultan, ya ji Wurno, ya ji Attahiru, sai ya dama su a ƙwarya ɗaya ya sa a TikTok.

[Hoto: taswira, layi na tafiya daga Gongola zuwa Nilu]

A nan hotuna sun ƙare mana, don ba wanda ya bi ayarin da kyamara. Sai dai ku dubi taswira ku auna da kanku. Daga Burmi zuwa Sinnar ya haura kilomita 2,000 a miƙe, su kuwa ba a miƙe suka bi ba. Ƙasar Chadi, Wadai, Darfur ta Sarki Ali Dinar, Kordofan. Shekara uku ana abu ɗaya: a yi tafiya da rani, damina ta tsayar da kai ka yi noma, ka binne wanda ya rasu, ka raɗa wa wanda aka haifa suna, ka ɗaura kaya. Kakata, Allah ya jiƙanta, in muka yi ƙorafin nisan kasuwa sai ta ce uwarta a bayan jaki ta yi wayo, mu kuma muna kukan rashin raksha, wato keke mai ƙafa uku.

Ku lura da wani abu a taswirar. In ka ja layi daga Sakkwato ka yi gabas sak, kusan a kan Sinnar za ka sauka. Damina ɗaya, rani ɗaya, dawa da gero da riɗi. Manomin Gobir ko na Katagum da ya iso nan bai nemi wanda zai koya masa shuka ba.

Yanzu ku tuno shekarar da na ce ku riƙe. Sun iso bakin Nilu wajen 1906. Daular Mahadi ta faɗi tun 1898. Wa ke mulki a Khartum? Ingilishi, Gwamna Janar Wingate. Mutanen da suka bar gida don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, suka sha tafiyar shekara uku, sai suka tarar da ƙanen wanda suka baro yana jiran su da rajista a hannu. Ni wannan ne wurin da ya fi taɓa ni a labarin gaba ɗaya, kuma shi ne bidiyon can bai ko ambata ba.

[Hoto: kwale-kwale na ƙetare kogi, ƙauyen Shehu Ɗalha a ɗaya gaɓar]

Waccan gaɓar ta gabas da kuke hange, ƙauyen Shehu Ɗalha ne, tsohon zaman malamai masu asali da Fulanin yamma. Can Mai Wurno ya fara sauka, wurin 'yan'uwa. Daga baya ya ƙetaro wannan gaɓar ta yamma, aka sare daji, aka kafa gari.

Turawan Sudan kuwa lissafinsu daban da na Turawan Najeriya. Yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya sun rage mutane a ƙasar, ga fili ba manoma. Ga ɗan sarki ya zo da jama'a masu jin maganarsa, masu iya fartanya. Suka sa masa ido, don suna tsoron duk abin da ke ƙamshin Mahadiyya, amma suka bar shi da ƙasa da sarautarsa. Shi ma ya karanta zamani, ya ajiye takobi ya riƙe jama'a. Wani zai ce ai abin da Waziri Buhari ya yi ke nan tun farko ba tare da ya taka ko'ina ba. Wannan gardamar na bar muku ita a wurin sharhi, ni dai kada a zagi kowa.

[Hoto: madatsar ruwan Sinnar, magudanan ruwa, gonar auduga]

Sauran labarin da gudu za mu bi shi. A 1925 aka gama madatsar ruwan Sinnar, wadda mutanen nan ke kira hazzan, aka buɗe noman auduga na Jazira. Aiki ya samu, sai sabbin baƙi suka yi ta kwararowa daga Kano, Sakkwato, Barno, Damagaram, yawancinsu da niyyar Makka. Mai Wurno ta zama zango: ka sauka, a ba ka masauki, a nuna maka inda ake tsinkar auduga ko inda za ka sari gona. Daga nan ƙauyukan mutanenmu suka yaɗu, kudu ta bakin kogi har wajen Rusairis, gabas ta Dindir da Rahad har ƙasar Gadarif. Mai Wurno ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi, kuma har yau gidan ne ke riƙe da sarautar Sultan.

[Hoto: lambun mangwaro da ayaba, masunta, mai tsire na juya nama]

Ga juruf, noman gaɓar kogi bayan ruwa ya janye. Ga bildat, gonar damina ta dawa da riɗi. Ga masunta. Ga direbobin lori, sana'ar da samarin garin nan suka yi suna a kanta. Wannan kuma ba sai na gabatar da shi ba. Duk Sudan agashe suke ce masa, Balarabe na faɗa bai san Hausa yake yi ba. A gashe, malam, a gashe. Da godogodo, ɗan'uwan fura. Hotunan nan duka kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 aka ɗauke su, Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Abu ɗaya ya rage da ya rataya a kan shekarar isowa. Da Sudan ta zo rubuta dokar zama ɗan ƙasa, sai aka ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa ke zaune a nan tun 31 ga Disambar 1897. Mutanen Mai Wurno sun iso 1906. Shekara tara kacal, amma ta sa mutumin da aka haifi ubansa a bakin wannan kogi ya riƙa jerin gwano yana kawo shaidu kafin a ba shi jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ana ce masa Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a nan, ana nuna masa yamma. Daga baya an sassauta dokar. In ya je Najeriyar kuma, da ya buɗe baki aka ji "ya zol" da "kwayyis" a cikin Hausarsa, sai a ce ga Basudane.

[Hoto: ƙofar gidan Sultan, yara na wucewa da alluna]

Saboda haka ɗan baffana, in ziyarar kabarin Attahiru kake so, ba ka bukatar biza. Ka je tasha ka hau motar Gombe, ka sauka Bajoga ka tambayi hanyar Burmi. In kuwa jikokinsa kake son gaisarwa, to bismilla, ka sanar da ni kafin ka taso in sa a aza shayi.