Yadda fasinjojin jiragen yawon buɗe ido ke taya masana bin sawun kifin wel a Antatika

Masu kallo, ku ɗauka kuna ganin wutsiyar wel mai doro tana ɗagowa daga cikin ruwa, a mashigin Gerlache da ke yammacin zirin ƙasar Antatika da ya miƙo wajen Kudancin Amurka. Faɗinta yakan kai mita 4 zuwa 5. Ku lura da cikinta, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasa: fari da baƙi, da tabo, da gefen da ya yi zarto-zarto. Babu wel biyu da ke da zane iri ɗaya. Kamar yadda makiyayi ke rarrabe shanunsa da launin jiki da ƙirar ƙaho, haka masana ke gane kowace dabba ɗaya da wannan wutsiya. Tun shekarun 1970 aka fara tara irin waɗannan hotuna a kwalejin College of the Atlantic da ke jihar Maine a Amurka, kuma a yau babban kaso na hotunan da ake samu daga Antatika fasinjoji ne ke ɗaukarsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirgin bincike tsada gare shi, kuma ba ya wuce 'yan makonni a wuri guda. Jiragen yawon buɗe ido kuwa kai-komo suke yi daga garin Ushuaia na ƙasar Ajantina tun watan Nuwamba har Maris, kwana biyu a tekun Drake a tafi, kwana biyu a dawo, kuma yanzu mutanen da ke zuwa a kaka guda sun haura 100,000. Kusan kowa da kyamara a hannu. Wanda ke son ganin wel da yawa, Fabrairu da Maris ne lokacinsa, sa'ad da ƙanƙara ta ja baya, dabbobin suka taru suna kiwon kiril, wasu ƙananan jatan lande da tsawonsu bai wuce santimita 6 ba.

Bin sawun nan yana da muhimmanci saboda ɓarnar da aka yi a baya. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 2 a tekunan kudancin duniya. A tsibirin South Georgia kaɗai, tun buɗe tashar Grytviken a 1904 zuwa tsakiyar shekarun 1960, an sarrafa sama da 175,000. An hana farautar mai doro a kudu a 1963, sannan haramcin farautar kasuwanci gaba ɗaya ya fara aiki a 1986. Mai doro ya farfaɗo sosai. Shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma, har yau kaɗan ne.

To, yaya ake ɗaukar hoton da zai yi wa masana amfani?

Aikin yana farawa ne tun kafin a sauka daga babban jirgi. Abu na farko shi ne agogon kyamara. A daidaita shi da agogon jirgi, sannan a ɗauki hoton fuskar na'urar GPS ta jagoran kwalekwalen roba da ake fita da shi kallon wel, inda lokaci da lambobin wuri suka fito tare. Da wannan hoto ɗaya za a iya gyara lokacin duk sauran hotunan, ko da agogon kyamarar ya yi kuskure. Wannan shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Mutum ya taso daga Jamus ko Sin, kyamararsa na kan agogon gida, bambancin ya kai awa 4 ko 11. Idan aka haɗa wannan lokaci da hanyar da jirgin ya bi, sai taswira ta nuna an ga wel a nisan kilomita masu yawa daga inda yake, wani lokaci ma a kan tudu.

Sai saitin kyamara. Gilashi mai jawo nesa na milimita 100 zuwa 400 ya wadatar. Saurin ɗauka kada ya gaza kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, don kwalekwalen roba na rawa, dabbar ma na motsi. A sa kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi da kanta, a kuma sa ta a tsarin ɗaukar hotuna a jere. Akwai wata matsalar haske da ta keɓanci wannan yanki: farin ƙanƙara da ke bayan dabbar yana ruɗin kyamara, sai ta rage haske, baƙar wutsiya ta fito dunƙulen duhu ba a ganin tabo ko ɗaya. Maganinsa a ƙara haske kaɗan da hannu. Idan kuma wutsiyar fara ce tas, kamar yadda yawancin na kudu suke, ga rana ta buɗe, sai a rage, in ba haka ba farin ya wanke zanen.

Yanzu kwalekwale yana kan ruwa, mutum goma ko sha biyu da jagora guda. Jagoran yakan tsaya kimanin mita 100 daga dabbar, ba ya tare mata gaba, ba ya raba uwa da ɗa. In ita ce ta matso da kanta, sai ya cire giya ya bar ta. Wel mai doro yakan yi numfashi sau da yawa a jere, feshin yana tashi kamar hayaƙi, baya na ɗan fitowa yana komawa. Duk wannan ba lokacin ɗaukar hoto ba ne. A jira numfashin ƙarshe, wanda zai lanƙwasa baya sama fiye da na da, gindin wutsiya ya biyo baya a hankali. Daga nan zuwa nutsewa daƙiƙa ɗaya ko biyu ce. Hoton da ake so shi ne wanda wutsiyar ta miƙe tsaye, ana kallonta daga baya sosai, fiffiken hagu da na dama sun fito duka, tsagar tsakiya a bayyane, ruwan da ke zuba daga gefe ya ɗan tsagaita. Masu koyo sukan danna da wuri, su samu saman wutsiyar, wanda baƙi ne kusan a jikin kowace dabba. Hoton yana da kyau a bango, amma da wuya ya bayyana ko wace ce.

Idan dabbobin uku ne ko huɗu suna kiwo tare, suna hura kumfa a da'ira don tattara kiril, sai a yi hattara da cakuɗa. Dabarar masu aikin ita ce, bayan kowace ƙungiya, a ɗauki hoton sararin sama ko na tafin hannu. Wannan hoton banza shi ke nuna inda wata haɗuwa ta ƙare, wata ta fara.

Sanyi ma yana da nasa. Batir yakan mutu da wuri, don haka a ajiye na biyu a aljihun ciki, jikin mutum ya riƙa ɗumama shi. Kuma kafin a koma cikin jirgi mai ɗumi, a sa kyamara a jakar leda a rufe gam, a bar ta ta huce a ciki na awa ɗaya ko fiye. Wanda ya shiga da ita a buɗe, raɓa za ta kwanta a cikin gilashin, ya rasa fitar yamma.

Daga nan sai aikawa. Mafi yawan jirage suna amfani da shafin Happywhale, wanda Ted Cheeseman da Ken Southerland suka kafa a 2015. Ana ɗora ainihin fayil ɗin yadda ya fito daga kyamara, ba wanda aka yi wa kwalliya ba. Kada a bi da shi ta WhatsApp ko Facebook, don waɗannan sukan matse hoto su kuma goge bayanan lokaci da wuri da ke ɓoye a cikinsa. Manhajar kwamfuta ce ke fara kwatanta wutsiyar da dubban da ke cikin rumbu, tana duba zane da kuma gefen zarton, sannan mutum ya tabbatar da ido. Gefen ya fi launi riƙon amana, domin launin ɗan wel yakan sauya yayin da yake girma, kuma wani gansakuka mai ruwan ɗorawa yakan rufe farin a ruwan sanyi. Idan an taɓa ganin dabbar, za a nuna wa mai hoton tarihinta. Idan sabuwa ce, a ba ta lamba, kuma duk ranar da wani ya sake ganinta saƙo zai iso masa.

Da irin wannan aka tabbatar cewa masu doron da ke kiwo a wannan yanki suna haihuwa ne a gaɓar Ekwado da Kolombiya da Panama har zuwa Kosta Rika, tafiyar da kan wuce kilomita 8,000. Waɗanda ke zuwa haihuwa a mashigin tekun Gini, daga Gabon zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, wani garke ne daban, mai kiwo a ruwan da ke kudu da Afirka. A ƙarshen 2024 aka wallafa labarin wani namiji da aka ɗauka a gaɓar Kolombiya a 2013 da 2017, sannan a 2022 aka gan shi kusa da Zanzibar, nisan sama da kilomita 13,000.

Sauran nau'o'in ba a gane su da wutsiya. Oka, mai farautar nan baƙi da fari, ana duba fiffiken bayansa da tabon toka-toka da ke bayan fiffiken, kuma dole a rubuta ko gefen hagu ne ko dama, don ba su zama ɗaya ba. Shuɗin wel, dabbare-dabbaren haƙarƙarinsa ake so. Minki kuwa, wani ƙaramin wel, da wuya ya ɗaga wutsiya, ga sauri, shi ya sa hotunansa masu amfani ba su da yawa.

A nan ne ya kamata a faɗi iyakar abin. Hoto yana nuna cewa wannan dabba tana wuri kaza ran kaza. Ba ya nuna yawansu a teku, domin jiragen yawon buɗe ido suna zuwa ne inda aka san akwai wel, a watannin da yanayi ya yi sauƙi. Taswirar da ta cika da ɗigo a mashigin Gerlache tana iya zama taswirar jirage ce kawai. Don haka wasu jiragen ke yin wani aiki na biyu, wanda bai kai na farko daɗi ba amma ya fi shi nauyi a wurin masu lissafi: tsayuwar gadi. Mutum biyu ko uku kan tsaya a saman jirgi, kowa da ɓangaren da yake kallo, na minti 30 ko awa ɗaya. Ana rubuta lokacin farawa da na gamawa, saurin jirgi, nisan da ido ke kaiwa, ƙyallin rana, da yanayin teku a ma'aunin Beaufort, wanda ke nuna ƙarfin iska da tashin igiyar ruwa. Da an ga feshi sai a rubuta kusurwarsa daga hancin jirgi da nisansa. Ƙungiyar ORCA ta Birtaniya tana horar da ma'aikatan jirage a kan wannan. Awar da aka tsaya ba a ga komai ba, ita ma dole a rubuta ta, kuma ita ce masu sa kai suka fi mantawa. Idan teku ta fara farin kumfa sosai, gani yana raguwa, don feshi da kumfa sai su saje. Kuma wanda bai tabbata da nau'in ba, ya rubuta "babban wel, ba a tantance ba". Wannan ya fi zato amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma aikin da fasinja kallo kawai zai yi. Wasu kamfanoni suna ba masana gurbi da kwalekwale a jirginsu, su kuma suna zuwa da lasisin gwamnatinsu ƙarƙashin yarjejeniyar kare muhallin Antatika ta Madrid ta 1991. Su ke harba kibiya mai ɗan bututu a baki, ta yanko fata da kitse kamar guntun fensir ta faɗo ruwa tana yawo. Daga fatar ake sanin namiji ne ko mace, daga kitsen ake auna sinadarin da ke nuna ciki. Ayarin Ari Friedlaender da Logan Pallin na Jami'ar Kalifoniya a Santa Cruz sun gano ta haka cewa kashi 86 cikin 100 na matan da aka gwada a 2017 suna da ciki, amma a 2020, bayan shekarar da kiril ya yi ƙaranci, kashi 29 ne kacal. Su ne kuma ke manna na'ura mai kyamara a bayan dabbar da doguwar sanda, ta yi wasu awanni ta saki, su kuma tashi jirgi marar matuƙi don auna ƙiba daga sama. Fasinja ba shi da izinin tashin irin wannan jirgi a gaɓar Antatika.

A arewa, wajen tsibiran Svalbard na Norway, tsarin ɗaya ne, sai dai kakar Yuni ce zuwa Satumba, ga farin wel da ake kira beluga, ga wel mai bakin baka da aka kusa ƙarar da shi tun ƙarni na 17, kuma Cibiyar Binciken Yankin Ƙanƙara ta Norway tana karɓar rahoton gani daga jirage.

Ba kowace tafiya da aka yi wa tallar kimiyya ce take kimiyya ba. Mai niyyar zuwa ya tambayi kamfanin abu uku kafin ya biya: wace cibiya ce ke karɓar bayanan, waye a cikin ma'aikata ke da alhakin tattara su, kuma ana rubuta awannin gadi ko hotuna kaɗai. Ya kuma duba girman jirgin, don a dokar ƙungiyar IAATO ta masu kai baƙi Antatika, mai ɗauke da sama da fasinja 500 ba ya sauke kowa a ƙasa, kuma ko ƙaramin ne, mutum 100 kawai ke sauka a lokaci guda. Jiragen da kansu haɗari ne ga dabbobin, ta hanyar karo da ƙarar inji. Bayanan gani da aka tara, ciki har da na Happywhale, sun taimaka wajen shata wuraren da ƙungiyar ta taƙaita gudu tun daga matakin da ta ɗauka a 2019: a mashigin Gerlache da kewayensa, a watannin da wel suka fi yawa, jirgi ba ya wuce kimanin kilomita 18 da rabi a awa.